Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Daminar Kurkunu

A makon jiya na tsaya inda rijiyar unguwarmu ta rufta. To, daga nan kowa ya koma tafki. A nan shanu ke sha, a nan mata ke wanki, daga nan kuma Inna ke cika randa. In ruwan ya yi kauri sai ta jefa ɗan alam, laka ta kwanta, sama ya yi garau. A wurinmu ruwan da ya yi garau ya shawu.

Da damina ta zagayo, ana tsakiyar noman farko, Baba ya fara ɗingishi. Ƙurji ne ya fito masa a idon sawu, yana zogi kamar an ɗora garwashi. Ranar da ya fashe sai ga wani farin abu kamar zare ya leƙo. Kurkunu ne. Kullum da safe ni ke riƙe ƙafar, Yaya ya riƙa naɗe tsutsar a tsinken ashana kaɗan-kaɗan, domin in ta tsinke a ciki ƙafar kumbura take yi ta ruru. Mun fi wata guda a haka. Ciyawa ta cinye mana gero, shekarar nan da awo muka ci.

In zogin ya ishe shi sai ya ce, "Ɗan nan, kama ni mu je bakin tafki in tsoma ƙafar nan ko na ji sanyi." Ni kuwa in ce, "To, Baba." Wannan ne ke ci mini rai har yau. Da ƙafar ta taɓa ruwa, tsutsar ke zuba 'ya'yanta, wasu ƙananan ƙwarin ruwa su haɗiye su, mu kuma mu sha ƙwarin. Bayan kamar shekara guda ta fito wa wani. Mu a lokacin jijiya muke ce mata, wasu su ce jifa ne.

Ashe ba mu kaɗai ba ne. Ƙidayar 1988 ta nuna sama da mutum 650,000 na fama da kurkunu a Najeriya. Cibiyar Carter, ƙungiyar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, ta shigo yaƙi da cutar, daga baya Janar Yakubu Gowon ya riƙa bin ƙauyuka da kansa. An ga mai cutar na ƙarshe a 2008, a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasar ta rabu da ita.

Mu dai abin da ya iso gidanmu ɗan ƙyalle ne mai ƙananan idanu. Ma'aikacin lafiya ya ɗaura shi a bakin tulu, ya tace ruwan randar Inna, wanda alam ya riga ya wanke. Ya ce, "Inna, matso ki duba." Inna ta sunkuya, ta ga wasu ɗigo-ɗigo suna motsi a kan ƙyallen. Ta daɗe ba ta ɗago ba, sannan ta ce in kwashe ruwan randar duka in zubar a bayan gida.

A mako mai zuwa zan kawo muku yadda aka haƙa mana burtsatse, da rigimar da ta biyo baya kan wanda zai riƙe makullinsa.