Ko an ba shi aikin, da me zai je?

Duk sanda aka tashi maganar masu buƙata ta musamman da rashin aikin yi abin da za ka fara ji shi ne a koya musu sana'a su daina bara. To madalla. Amma ni abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne ba mai tambayar ta yaya mutum zai taso daga Kurna ko Hotoro ya isa Sharaɗa ko Bompai, unguwannin masana'antu na Kano, ƙarfe takwas na safe, kullum ta Allah, alhali da keken guragu yake tafiya.

Ku tsaya bakin titi a Kano da safe ku gani da idonku. Gurgu na gefe yana ɗaga hannu, ɗan sahu zai rage gudu kamar zai tsaya, yana hango keken sai ya ƙara wuta, don shi a lissafinsa keken zai cinye wurin fasinja biyu ga ɓata lokacin ɗagawa da ɗaurewa, wanda ya tsaya ɗin ma ce masa zai yi "sai dai shata malam". Makaho kuwa kuɗin mutum biyu yake biya, shi da ɗan jagora, zuwa da dawowa. Ban ga laifin 'yan adaidaita sosai ba, su ma balas ake jira su kai da yamma, amma wallahi abin da ciwo.

Tun da Tinubu ya cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har sai da ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, kuɗin mota ya bi ta. An ce mafi ƙarancin albashi ya koma 70,000, shi ma ba ko'ina ake biya ba, masu shaguna da ƙananan kamfanoni ba ruwansu da wannan. To a ce shata za ka ɗauka safe da yamma, me zai rage? Da yawa shi ya sa ko intabiyu ba sa zuwa, sun riga sun yi lissafi sun ga albashin a hanya zai ƙare.

Wani zai ce ai suna da keken guragu na murzawa da hannu. Haka ne, amma a murza shi kilomita da yawa cikin ranar watan Afrilu, ko da damina kwalta ta cika da ruwa ba ka ganin rami, ga masu mota na danna maka hon, ka isa ofis sharkaf da gumi ka makara oga ya ce ba ka ɗauki aikin da muhimmanci ba.

Kuma fa doka tana nan. Buhari ya sa mata hannu a Janairun 2019, ta hana nuna wa nakasassu wariya, ta ce ma'aikatun gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, ta ba da shekara 5 a gyara gine-gine da ababen hawa yadda za su iya shiga. Wa'adin ya cika tun Janairun 2024, je ka tasha ka nemo bas mai wurin hawa da keke ka gani.

Ni roƙona ga gwamnatocin jihohi, duk motocin haya da za su sayo nan gaba su kasance masu ƙofar da keke zai shiga, a kuma yi musu katin ragin kuɗin mota. Mai kamfani ma in ya ɗauki nakasasshe ya ƙara masa alawus na sufuri daban, ko motar ma'aikata ta riƙa biyawa ta unguwarsu ta ɗauko shi.