Yadda wata kaka 'yar Dominika ta ƙwace mana fim

Ni dai sana'ata tuƙin mota ce a nan Bronx a birnin Niyok, amma cutar kyamara tun ina gida nake da ita, nayi ɗaukar bidiyon biki da suna har na gaji kafin in taho Amurka. To akwai wani yaro maƙwabcinmu ɗan Jamhuriyar Dominika da yake karatun fim da yamma, primo yake ce min wato ɗan uwa, shi ne wata Lahadi ya buga min ƙofa da tsohon faifai a hannu yace dole sai na kalli wannan. Sunan fim ɗin Raising Victor Vargas, Peter Sollett ne ya ba da umarni, an nuna shi a bikin finafinai na Cannes a 2002 sannan ya shiga sinima a 2003.

Labarin ba wani dogo bane. Wani matashi ne mai suna Victor a unguwar Lower East Side ta Manhattan yana zaune da kakarsa da ƙaninsa da ƙanwarsa a wani ɗan mitsitsin gida, yana ji da kansa wai shi ne gwanin 'yan mata, sai ya haɗu da Judy a wurin ninƙaya ta nuna masa ruwa ba sa'an kwando bane. Babu bindiga, babu ƙwaya, babu 'yan sanda, wanda in ka saba ganin yadda ake nuna yaran Latino a finafinan Amurka zaka san wannan kaɗai abun mamaki ne. Wurin da ya kashe ni da dariya shi ne inda kakar ta sa wa wayar gidan kwaɗo, daga baya kuma ta tasa ƙeyar yaron har ofishin hukuma wai su karɓe shi ta gaji. Nace wallahi na san wannan tsohuwar, a kowace unguwa akwai irinta.

Primo yace to mu ma irinsa zamu yi, gajere, da yaran benenmu, kai ka riƙe kyamara. Shi ma Sollett ɗin ai da gajere ya fara, Five Feet High and Rising, yana ɗalibi a jami'ar NYU, ya ci kyauta a bukukuwan finafinai na Sundance da Cannes a 2000, kuma yaran nan biyu Victor Rasuk da Judy Marte su ɗin dai ya sake ɗaukowa a babban. Nace bismillah.

Kuskurenmu na farko takarda. Mun zauna mun rubuta magana shafi goma sha ɗaya, muka raba wa yaran mukace su haddace. Ranar farko yaron da muka zaɓa, wanda a bakin shagon kan kwana in ya fara zuba ba mai iya tsayar da shi, yana ganin jan fitilar kyamara sai ya sandare ya koma kamar mai karanta labarai, yarinyar kuma in ta manta kalma ɗaya sai ta kalli sama tana nema. Kwana biyu muka ɓata a haka. Abun haushin mun san cewa a wancan fim ɗin ba a ba 'yan wasan rubutaccen labari ba, gaya musu halin da ake ciki ake yi su kawo maganar da bakinsu, amma mukaga kamar mu ba zamu iya ba. Rana ta uku primo ya tattare takardun ya cusa a jaka, ya ja yaron gefe yace masa abu ɗaya kake so, ta yarda ta zo gidanku cin abinci, ya ja yarinyar ɗaya gefen yace mata duk abun da zai ce kar ki yarda sai ya daina cika baki. Babu wanda ya san abun da aka gaya wa ɗayan. Kai, sai ga magana tana zuba, rabi Turanci rabi Sifaniyanci a jimla ɗaya, shi yana ta kuri ita tana shan ƙanƙararta mai ruwan zaƙi da suke kira frío frío ko kallonsa bata yi, har ya ƙare masa ya tsaya yana sosa ƙeya yace to ni dai ban san me zan ce miki ba kuma. A nan ne ta ɗago ta kalle shi. Hannuna har rawa yake a kan kyamarar.

Sai sauti, wanda shi ne ya kusa kashe aikin baki ɗaya. Ni tunanina na mai bidiyon biki ne, hoto yayi kyau shikenan sauran a ɗora kiɗa. Unguwarmu kuwa jirgin ƙasa mai lamba 4 ta sama yake wucewa a kan titin Jerome, ga motar askirim da waƙarta, ga na'urar sanyaya ɗaki a kowace taga tana gurnani, ga maƙwabta sun ƙure kiɗansu na bachata. Bachatar ma tafi komai matsala don waƙar wani ce, in ta shiga fim ɗinka baka da izini babu bikin finafinan da zai so ya karɓa. Kusan duk abun da muka ɗauka a waje a makon farko sai da muka sake, da ƙaramin makirfo na aro a maƙale cikin riga.

Maganar izini bata bamu wahala ba, a Niyok in kyamarar hannu ce ko mai ƙafa uku kuma baka tare wa mutane hanya ba, ba sai ka nemi takardar ɗaukar fim ba. Izinin iyaye ne aikin, tunda yaran basu kai 18 ba dole babba ya sa hannu. Baban yarinyar yace zai sa, amma ba sumba ba runguma, kuma yayanta zai riƙa biyo ta. Primo ya ji haushi sosai, ni kuwa a raina nace ai mutumin nan yayi daidai, kuma hakan ya taimake mu, soyayyar duk ta koma kallo da shiru da wani wuri da hannayensu suka kusa haɗuwa a kan ƙarfen bene basu haɗu ba.

Kakar yaron kuma ba ta cikin lissafi ko kaɗan. Kicin ɗinta kawai muka roƙa na awa biyu. Muna cikin ɗauka tana tsaye tana dama mangú, filanten ne ake dafawa a murƙushe shi, sai yaron ya shigo bai ce mata komai ba ya zauna, tunda mu bamu ce ya gaishe ta ba. Tsohuwar nan ta ajiye cokali ta juyo ta tsare shi da ido. Su a al'adarsu yaro in ya shigo wurin babba sai ya nemi albarka, yace bendición, har sun gajarce shi ción, babban ya amsa da Dios te bendiga, Allah yayi maka albarka kenan. Yaron ya miƙe a kunyace yace ción abuela, wato kaka, ta amsa ciki-ciki, sannan ta hau shi da faɗa, Sifaniyancina bai kai in kama rabi ba amma na ji sunan yarinyar sau uku da coci sau biyu. Na kalli primo ko in tsaya, ya girgiza kai.

Da muka zo tacewa muka ga fim ɗin ya sauya hannu. Duk inda yaran suke su biyu yana da daɗi, amma inda take nan ne kake jin akwai abun da yaron zai rasa, don ita ta raine shi, uwarsa tana can Santiago a Jamhuriyar Dominika tana jiran biza shekara da shekaru. Muka koma muka roƙe ta ƙarin kwana uku. Tace bata san wasa ba, mukace ai ba wasa zaki yi ba Doña, faɗan da kika saba kawai. Ita ma Altagracia Guzman da ta fito a kakar Victor ba ta taɓa yin fim ba kafin nan, kuma ƙanin da ke fim ɗin Silvestre Rasuk ƙanin Victor Rasuk ne na jini, sai a lokacin na gane dalilin da gidan nasu yake kama da gidan gaske.

Minti 14 ya fito. Mun nuna shi a ɗakin ƙasa na benenmu da farin zanin gado a bango, mutum wajen talatin. Ta zauna a gaba da jakarta a cinya bata yi dariya ko sau ɗaya ba, da aka kunna fitila ta kira ni tace mijo, wato ɗana, me yasa ka ɗauki kicin ɗina ban wanke tukunya ba. Har yau primo yana nan yana tura shi bukukuwan finafinai, biyu sun ƙi karɓa, muna jiran na uku.