A ba shi makulli tukuna

Aikina shi ne tsayawa wa manyan da suka daɗe suna kwana a titi, waɗanda ƙwaya ko giya ta riga ta kama, har su samu ɗaki da abin yi. Tsarin da muke bi wani masanin halayyar ɗan Adam, Sam Tsemberis, ne ya fara shi a New York a 1992: a ba mutum muhalli tun farko, ba sai ya daina sha ba. Takardar haya da sunansa ake rubutawa, yana biyan kusan kashi 30 cikin 100 na abin da yake samu. Finland ta rungumi tsarin a 2008, masu daɗewa ba matsuguni suka ragu ƙwarai.

Abin da na gani da idona shi ne makonnin farko a ɗaki sun fi komai wuya. Wanda ya saba da hayaniya, shiru yana damunsa. Wani ga gado amma a ƙasa yake kwana, takalminsa a ƙafa. Wani kunya ba ta barinsa ya kori abokan da suka sha sanyi tare, sai ɗakin ya cika, rigima da mai gida ta tashi. Abin da ya fi tayar mini da hankali kuwa, mutum ya kulle ƙofa ya sha shi kaɗai, ƙwayar ta fi ƙarfinsa ba mai gani. Shi ya sa nake yawaita ziyara a lokacin, in bar masa naloxone, maganin da ke farfaɗo da wanda ƙwaya irin su heroin ta fi ƙarfinsa, in raka mai so asibiti a ɗora shi kan methadone ko buprenorphine, magungunan da ke rage jarabar irin wannan ƙwaya.

Maganar aiki ba ma jinkirta ta. Muna bin wata hanyar sama wa mutum aiki da ake kira IPS, wadda masu bincike biyu a Amurka, Deborah Becker da Robert Drake, suka tsara: a tambayi mutum irin aikin da yake so, a nema da wuri, aiki na gaske mai albashi, a ci gaba da tallafa masa bayan ya fara. Ranar albashi ranar haɗari ce, don haka tun kuɗin ba su shigo ba muke zama mu kasafta su.

Da yawa suna komawa sha, wasu har aikin ya kuɓuce musu. Ba ma karɓe makulli don haka. Washegari nakan ƙwanƙwasa ƙofa in ce, "Malam, ka tashi lafiya? Zo mu duba inda ake ɗaukar ma'aikata."