Kwafi 300 a Duk Duniya: Shekarun da Na Yi Ina Tara Littattafan Fatalwa

Wata Asabar a ƙarshen shekarar 2012, lokacin ina karatu a Leeds ta ƙasar Ingila, na hau jirgin ƙasa zuwa York don in ɗan sha iska. Ina cikin yawo ruwa ya tsuge, sai na faɗa wani shagon tsofaffin littattafai na fake. Can ƙurya, cikin kabad mai gilashi, na hango wasu littattafai a jere, dukkansu rigarsu, wato takardar da ke lulluɓe bangon, launi ɗaya, ruwan madara, kamar 'yan gida ɗaya ranar salla. Dattijon da ke tsaron shagon ya ga na kafe a wurin, ya buɗe kabad ɗin ya miƙo mini guda. Tun kafin in karanta ko layi ɗaya, hannuna ya gaya mini wannan ba irin littattafan da na saba riƙewa ba ne. Takardar mai kauri ce, shafukan ɗinka su aka yi da zare, akwai siririn ƙyalle na sa alama, in ka zare rigar kuma sai ka tarar da zane a jikin bangon kansa.

Ya ce mini aikin Tartarus Press ne, maɗaba'ar da Ray Russell ya kafa a 1990, yake kuma gudanar da ita tare da Rosalie Parker daga wani ƙauye a yankin Coverdale, nan cikin Yorkshire. Yawanci kwafi 300 ko ɗan abin da ya ɗara haka suke bugawa, in ya ƙare shi ke nan. Wanda ya miƙo mini tarin gajerun labarai ne na Robert Aickman, marubucin da ya rasu a 1981, wanda ban taɓa jin sunansa ba. Na biya kuɗin da ya kai na cefanena na mako guda, na karanta labari biyu a jirgi kafin mu iso Leeds.

Ni da na tashi da tatsuniyar Dodo da labaran aljanun tsamiya da gamo a bakin rafi, na ɗauka na san abin da ake kira labarin ban tsoro. Wannan daban ne. Babu jini, babu ihu. Mutum ne zai je wani gari ko ya kwana a wani masauki, komai daidai, amma akwai abu ɗaya da bai zauna ba, marubucin kuma ba zai taɓa gaya maka mene ne ba. Kwana uku na yi abin yana mini yawo a kai. Daga nan na shiga neman su, yau shekara goma sha wani abu ke nan.

Sai da na ɗan daɗe a harkar na gane dalilin da ya sa ƙananan maɗaba'u suka riƙe wannan fanni. Gajeren labarin fatalwa ba hajar da manyan kamfanoni ke rububi ba ce. Da yawa daga cikin labaran a mujallu aka fara buga su, a kan takarda mai araha wadda ke rugurgujewa, wasu ma ba a sa sunan marubucinsu ba. M. R. James, malamin Cambridge ɗin nan da ke karanta wa abokansa labaransa a lokacin Kirsimeti, wanda tarinsa na farko ya fito a 1904, shi da kansa ya bi tsofaffin mujallu ya tsinto labaran Sheridan Le Fanu na Dublin ya fitar da su a 1923, shekara 50 bayan rasuwar mai su. A Amurka ma haka aka yi. Da H. P. Lovecraft ya rasu a 1937, labaransa na warwatse a mujallu, manyan kamfanoni kuma suka ƙi tattara su. August Derleth da Donald Wandrei suka kafa Arkham House a garin Sauk City na jihar Wisconsin, suka buga kwafi 1,268 a 1939. Shekaru aka kwashe kafin su sayar da su. Yau wannan littafi sai mai hannu da shuni. Ni sau ɗaya na taɓa ganinsa, ta bayan gilashi, a wani bajekolin littattafai.

Wannan aikin ceto shi ne ya fi kama zuciyata. Christopher da Barbara Roden sun fara Ash-Tree Press a 1994, daga baya suka koma garin Ashcroft a yammacin Kanada, suka yi ta farfaɗo da marubutan da aka manta, irin su H. R. Wakefield da A. M. Burrage. A wurinsu na samu labaran Amelia Edwards, matar da aka fi sani da nazarin tarihin Masar ta dā. A Dublin kuma Brian Showers ya kafa Swan River Press a 2003, ya mai da hankali kan marubutan Ireland. Duk waɗannan ba kamfanoni ne masu benaye ba. Mutum ɗaya ne ko biyu, su ne editoci, su ne masu naɗe kaya su kai gidan waya. Sau da dama na buɗe kwali na tarar da 'yar takardar godiya da aka rubuta da hannu.

Kuskurena na farko jinkiri ne. A 2014 na ga sanarwar wani sabon littafi daga Tartarus, The Loney, na Andrew Michael Hurley. Ban san marubucin ba, aljihu kuma ba nauyi, sai na ce bari wata ya ƙare. Kafin in waiwaya kwafin, kusan 300, sun ƙare. A shekarar da ta biyo baya wani babban kamfani a Landan ya sake buga shi, littafin ya ci kyautar adabi ta Costa ta littafin farko, farashin bugun farkon nan kuma ya yi tashin gwauron zabi. Da na sani ƙeya ce. Amma darasin da na ɗauka daga wannan ba daidai ba ne, shi ne kuskure na biyu, kuma ya fi na farkon cin kuɗi. Na ƙudura cewa ba abin da zai ƙara wuce ni. Duk sanarwar da ta shigo wasiƙata, daga kowace maɗaba'a, sai in tura kuɗi. Na koyi bambancin bugu mai lamba, da mai sa hannun marubuci, da wanda ake wa alama da haruffa daga A zuwa Z, kwafi 26 kacal, mai zuwa cikin akwatinsa da tsadar gaske. Na riƙa jin daɗi in lambar kwafina ta zo ƙasa-ƙasa, alhali kwafi na 7 da na 270 inji ɗaya ya buga su a rana ɗaya, ba harafin da ya bambanta.

Wata rana na ƙirga, na tarar da littattafai 23 a kan kanta waɗanda ko ledarsu ban cire ba. Abin ya dame ni ƙwarai. Wanda ya shiga harkar saboda labari biyu sun hana shi barci, ga shi yana tsoron buɗe littafi kada darajarsa ta ragu. A daren na yage ledar guda ɗaya na fara karantawa. Daga cikin 23 ɗin nan, waɗanda suka burge ni da gaske ba su wuce takwas ba. Kyan takarda da ƙarancin kwafi ba sa mai da labari mai rauni ya zama mai ƙarfi, kuma ƙananan maɗaba'u ma sukan buga abin da bai kai ba. Tun daga lokacin na sa wa kaina ƙa'ida: ba na sayen bugu mai tsada na marubucin da ban taɓa ɗanɗana rubutunsa ba. Hanyar ɗanɗanawa kuwa tana da sauƙi. Tsofaffin marubutan da yawa labaransu na nan kyauta a intanet, Aickman ma kamfanin Faber ya fitar da shi cikin bugu mai araha a 2014, shekarar da ya cika 100 da haihuwa. Mujallu irin su Wormwood, wadda Mark Valentine ya yi wa edita, da The Green Book ta Dublin, sun nuna mini wa ya kamata in bi.

Kasuwar na-hannu kuma wani dajin ne. Littafin da ya ƙare a wurin masu shi sai a hannun dillalai ko wurin gwanjo a intanet. Na taɓa ganin wani da na daɗe ina nema a rabin kuɗin da aka saba sa masa, hoto ɗaya tak mai sayarwar ya ɗora, na yi wuf na biya. Da ya iso, bugu na biyu ne, rigar ta koɗe a gadon baya saboda rana, a shafin farko kuma ga hatimin wani laburare. Araha ba ta ado. Yanzu ba na biya sai na ga hoton shafin da ke ɗauke da shekarar bugu da adadin kwafi, da hoton gadon bayan littafin, da kusurwoyin bangon. A wannan kasuwa riga ita ce rabin kuɗin littafi, wani lokacin ma fiye. Dillalin da ya ƙi turo ƙarin hoto, ko ya ɓata rai don an tambaye shi, na bar masa kayansa.

Duk wannan wasa ne a kan abin da ya same ni bayan na dawo Zariya a 2016. Kwali shida na turo ta jirgin ruwa. Gidan da na kama bai gama kimtsuwa ba, sai na jibge su a ƙasa a wani ɗaki, jikin bango, na ce sai na samu kafinta. Damina ta shigo, aiki ya sha kaina. Sai cikin watan Satumba na shiga ɗakin da niyyar kwashe su, na ɗaga kwalin ƙasa, gindinsa ya zube a hannuna. Gara ta biyo ta tsagar siminti ta yi gini a ciki. Littattafai 9 ta cinye, wasu ta ratsa su daga bango zuwa bango. Waɗanda na ƙulle a leda don in kare su kuwa, danshi ya taru a ciki suka yi fumfuna, shafukan suka yi ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa. Na zauna a ƙasa na daɗe ban ce komai ba. Ba kuɗin ne ya fi ci mini rai ba. Abin da na riƙa tunani shi ne, in kwafi 300 ne a duniya, yanzu saura 299, kuma a hannuna aka yi asarar.

Littafin da aka yi don sanyin Yorkshire bai san damina da hunturunmu ba, dole mai shi ya koya masa zama. Na sa aka ƙera mini kanta ta ƙarfe mai dogayen ƙafafu, na janye ta daga bango kamar taki guda, a ɗakin da rana ba ta faɗa wa kai tsaye. Na cire duk wata leda da ke rufe littafi ruf, rigunan kawai na sa wa siririyar roba mai buɗaɗɗen baki. Ina tara 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi ina zubawa a bayan layi. Da hunturu matsalar juyawa take yi: iska ta bushe, bangon littafi ya riƙa lanƙwashewa, littafin da gam kawai ya riƙe shi ya fara zubar da shafi. A nan na ga amfanin ɗinkin zare da idona, domin ɗinkakkun ko gezau. Sau ɗaya a wata nakan sauke layi guda in kaɗe ƙura da burushi mai laushi, in duba ƙafafun kantar ko gara ta fara hanya.

Ranar da Hajiya ta zo ganin gidan ta tsaya gaban kantar ta tambayi ko na mene ne. Na gaya mata gaskiya. Ta ce, "Kai kuwa, duk littattafan duniya ka rasa abin tarawa sai na fatalwa? Ka dai riƙa addu'a kafin ka kwanta." Na ce, "Ina yi, Hajiya." Na bayyana mata cewa ƙagaggun labarai ne, kamar tatsuniyar da take mana a tsakar gida. Aljanu mun yi imani da samuwarsu, amma mamaci ya dawo yana yawo a gida ba aƙidarmu ba ce, kuma ban taɓa karanta su don in gaskata ba. Abin da nake samu a cikinsu shi ne yadda mutanen wata ƙasa ke magana a kan mutuwa, da alhakin da ke bibiyar mai shi, da kaɗaici, abubuwan da ba sa iya faɗa kai tsaye. Ta gyaɗa kai, amma har yau ba ta zama a wannan ɗaki bayan magariba.

Faɗuwar naira a 2016, sannan wadda ta fi ta a 2023, ta rage mini hannu sosai. Littafin fam 40, in ka haɗa da kuɗin aikowa, ya zama abin da magidanci zai yi shawara da uwargida kafin ya taɓa. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Yanzu uku ko huɗu nake saye a shekara, kai tsaye daga masu bugawa tun yana sabo, domin a nan ne ya fi sauƙi, kuma kuɗin na shiga hannun waɗanda suka yi wahalar. Ana kai su gidan wani abokina a Ingila, ya riƙe har sai an samu mai tahowa. Wani lokaci wata biyar nake jira.

Bara na shiga Kano, na bi ta wajen masu sayar da littattafan Hausa a Bata ina neman wasu ƙananan littattafan aljanu da matsafa da na karanta ina sakandare, irin waɗanda marubutansu ke bugawa da kuɗin aljihunsu. Na zaga shago ya fi goma. Wani dattijo ya ce mini, "Alhaji, ai waɗannan sun daɗe da ƙarewa, ko masu su ban jin suna da kwafi." Ya shiga ciki ya daɗe yana bincike, ya fito mini da guda huɗu, ɗaya ba bango, ɗaya kuma littafi na biyu ne ba na ɗaya. Na saye su duka. Suna layin sama na kantar ƙarfen, na bar musu fili a gefe, na kuma bar wa dattijon lambar wayata ko Allah zai sa littafi na ɗayan ya faɗo hannunsa.