Wasiƙa daga Landan: lissafin annoba na buƙatar 'yan Sakkwato

Assalamu alaikum 'yan uwana na Birnin Shehu,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto muku ne daga Landan, inda nake koyon yadda ake amfani da lissafi wajen hasashen bazuwar cututtuka. Burina matasanmu su shigo fannin nan.

Tushensa ba wuya. A 1927 wasu masana biyu, Kermack da McKendrick, suka kasa jama'a gida uku: waɗanda cuta ke iya kamawa, waɗanda ta kama, da waɗanda suka warke. Sai a lissafa saurin da mutane ke barin wannan gida su faɗa wancan. Da irin wannan lissafi aka gane dalilin da ya sa ƙyanda ke buƙatar a yi wa kusan kashi 95 cikin 100 na yara riga-kafi, domin mai ita ɗaya kan harbi mutum 12 zuwa 18 a inda ba a yi allura ba.

Amma sanƙarau ne ya fi tsaya mini a rai. Manyanmu ba su manta 1996 ba, shekarar da ya kashe fiye da mutum 11,000 a Najeriya. Allurar riga-kafi ta MenAfriVac ta karya lagon nau'in A na cutar, sai ga nau'in C ya afka wa Zamfara da Sakkwato a 2017. A irin wannan lokaci allura ba ta isar kowa. To wace ƙaramar hukuma za a fara kai wa? Idan an makara da mako biyu, rai nawa za a rasa? Lissafin nan ne ke taimaka wa hukuma ta yanke shawara.

Sai dai kwamfuta abin da ka ba ta shi take juyawa. Tana son sanin mutum nawa ke kwana ɗaki ɗaya da hunturu, yaushe 'yan ci-rani ke fita, yaushe suke dawowa gona, su wa ke tsallakowa daga Ƙonni ranar kasuwar Illela. Malamanmu na nan gwanaye ne, ina girmama su ƙwarai, amma waɗannan amsoshi a hannunku suke.

Don haka ina roƙon ɗaliban lissafi da ƙididdiga na Jami'ar Usmanu Danfodiyo su nemi likitoci da ma'aikatan lafiya, a zauna tare. Ku fara koyon manhajar ƙididdiga ta R, kyauta ce. Ku nemi gurbi a cibiyar nazarin lissafi ta Afirka, wato AIMS, wadda ke da rassa a Ghana da Senegal da Ruwanda, tana kuma ɗaukar nauyin karatun digiri na biyu.

Ku kuma ma'aikatan asibitocin karkara, don Allah ku riƙa cike rajista daidai, da rana da shekaru da sunan gari, domin da alƙalumanku muke aiki.

A gaida gida.

Naku,
ɗan uwanku a Landan