Takardar Jikin Gora da Cinikin Zobo a Katsina

A Amurka da Ingila, ƙananan kamfanonin giya sun daɗe da gane cewa zanen jikin kwalba ne yake fara jawo hannun mai saye, tun bai ɗanɗana abin da ke ciki ba. Mu nan Katsina, inda shari'a ta hana cinikin giya, batun ya fi shafar masu zobo da kunun aya.

Duk wanda ya buɗe firij a kantunan Ƙofar Ƙaura zai ga bambancin. Gorar da aka liƙa wa takarda mai tsabta, ɗauke da hoton aya da dabino da kwakwa, da lambar NAFDAC (hukumar kula da ingancin abinci da magunguna) da ranar lalacewa, ita ake fara ɗauka ko da ta fi tsada, alhali kunun da aka ɗura a tsohuwar gorar ruwa yakan yi kwantai, kome daɗinsa. A ganina, babbar asarar masu wannan sana'a ita ce amfani da takardar da ba ta jure danshi, domin da zarar gora ta yi raɓa sai tawada ta zube, har lambar wayar mai kayan ta ɓace.