Maƙala 14, ba wanda ya ɗora tubali a kai

Ranar Talata bayan la'asar wani ɗalibin doktora a fanninmu na kimiyyar kwamfuta ya shigo wurina a nan Yamai, baki har kunne, ya juyo mini kwamfutarsa. Saƙo ne daga wata mujalla mai kiran kanta ta duniya: sun yaba aikinsa, za su buga cikin kwana 5 idan ya aika kuɗin bugu. Ya ce, "Malam, babi na uku ma na yanka shi gida uku, kafin damina ina da maƙala huɗu." Na dubi saƙon, har kirarin da suka buɗe da shi irin wanda na taɓa amsawa ne. Na ce, "Ɗana, ja kujera."

Maƙala 14 na buga a shekarun farko na aikina, kuma 9 daga ciki a irin waɗannan mujallun bogi ne, masu karɓar kuɗi su buga ba dubawa. Ba alƙali ko ɗaya, wato masanin da mujalla ke ba aiki ya duba kafin a buga, da ya dawo mini da gyara. A lokacin na ɗauka iyawa ce. Ashe ba wanda ya karanta. A mujallar kirki mutum biyu ko uku ne ke bin aikin layi layi, a yi watanni, su dawo da shafukan tambayoyi masu sa gumi. Ni kuwa rasidi kawai ake aiko mini.

Ba zan ce ba ni da uzuri ba. A ƙasashenmu hawa matsayi a jami'a yana bi ta CAMES, hukumar da ke tantance malaman jami'a a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, wadda aka kafa a 1968, hedkwatarta a Wagadugu, kuma kowane mataki har zuwa cikakken farfesa sai da maƙalu a cikin fayil. Ga aji maƙil da ɗalibai, ga takardun jarrabawa jibge a tebur, ga intanet mai tafiyar hawainiya, ga iyali. Wanda ke cikin wannan hali aka ce masa kwana 5, ai ba sai an yi masa kiɗa ba. Amma tsakani da Allah, akwai abokan aikina da ke cikin rana ɗaya da ni ba su bi wannan hanya ba. Kuma jerin mujallun bogi da Jeffrey Beall, wani ma'aikacin laburare a Amurka, ya riƙa wallafawa a intanet yana nan a fili har Janairun 2017. Na san da shi. Ban buɗe ba ne don kada in ga abin da zai ɓata mini rai.

Wannan ma da sauƙi a kan babban ramin, wanda ke cikin aikin kansa. Na tara labaran Hausa kusan 6,000 daga shafukan intanet don koya wa na'ura ta rarrabe siyasa da wasanni da lafiya da noma. Na cuɗanya su, na ba ta kashi 80 ta koya, na ajiye 20 don gwaji. Ta ci 96 cikin 100. Na yi ta yawo da wannan lamba kamar sabon ango da babbar riga. Abin da ban duba ba shi ne labari ɗaya yakan fito a shafi uku, kanun kawai aka sauya. Kwafi ɗaya yana cikin na koyo, tagwayensa yana cikin na gwaji. Na nuna wa ɗalibi takardar jarrabawa ke nan, sannan na yi mamakin makinsa.

Ga kuma rubutu. Mu a Nijar muna rubuta ƴ, a Najeriya 'y, wasu shafukan kuma ba su sa lanƙwasa sam, ƙasa da kasa duk ɗaya ne a wurinsu. Alamar da ke tsakiyar kalma irin sana'a tana zuwa da siffa uku dabam dabam a kwamfuta, manhajar da ke yanka rubutu kalma kalma ta riƙe wata, ta raba kalmar biyu a wata. Da yake yawancin labaran noma daga shafi guda na kwaso su, na'urar ba noma ta koya ba, hannun marubutan shafin ta gane. Da na tsabtace komai daga baya, na raba bisa tushen labari, makin ya faɗo ƙasa da 75. Ban aika gyara ko'ina ba. Na ce wa kaina ai kowa haka yake yi a lokacin, kuma akwai gaskiya a ciki, sai dai gaskiyar ba ta sa 96 ta zama halal ba.

Sau ɗaya tak wani mai bincike daga wata ƙasa ya rubuto yana neman labaran nan don ya ɗora aiki a kansu. Suna cikin rumbun ajiya guda, wanda zafin Afrilu da ƙura suka riga suka kashe. Ba kwafi. Wannan ne ya fi yi mini ciwo, don tarin labaran shi ne abu mai amfani da na yi, ba maƙalun ba.

Ma'aunin h na auna tasirin mai bincike, wanda masani Jorge Hirsch ya kawo a 2005, ba ya ƙirga yawan abin da ka buga kawai. Idan h ɗinka 5 ne, kana da maƙala biyar da aka ambaci kowacce aƙalla sau biyar. Nawa ya daɗe a kan 2, kuma Google Scholar, shafin da ke lissafa shi, yana ƙirga har ambaton da mutum ya yi wa kansa, to ku lissafa sauran.

Na yi niyyar ba yaron nan shawara goma, da na zauna sai na ga ba su kai ba.

Kada ka biya mujallar da ita ta fara nemanka. Duba sunanta a DOAJ da Scopus, rumbunan da ke jera mujallun da aka tantance, duba ko DBLP, mai jera maƙalun kimiyyar kwamfuta, yana jera maƙalunta, buɗe maƙala uku a ciki ka ga ranar karɓa da ranar amincewa. In tazarar mako ɗaya ce, rufe shafin. A fanninmu taro ma yana da nauyi kamar mujalla, kuma ba sai ka je Amurka ba: CARI, taron masu binciken kwamfuta na Afirka, tun 1992 aka fara shi a Yawunde. Amma yaran yanzu ba su san shi ba, sun fi sanin wanda ya yi tashe a TikTok jiya. Ka tambayi ɗalibi maƙala nawa ya karanta daga farko har ƙarshe, sai ya nuna maka taƙaitawar da ChatGPT ta yi masa. Mu aƙalla da hannunmu muka yi kuskurenmu.

Kafin ka gaskata kowace lamba, cire kwafi, daidaita haruffa, raba bayanai bisa tushe ko bisa lokaci, sannan ka maimaita gwajin sau 5 da cuɗanya dabam dabam ka ba da matsakaici. Lambar da ta yi kyau fiye da kima, ka fara zarginta kamar kuɗin da ka tsinta a bakin kasuwa.

Ajiye aikinka wuri uku, ɗaya ba a Yamai ba. Manhajar a Git, mai adana tarihin kowane sauyi, bayanan a Zenodo, rumbun bincike na intanet, inda za a ba su lambar shaida ta dindindin, wato DOI, kyauta ta yadda wani zai iya ambatonsu. Ka kai kanka wurin ƴan Masakhane, masu aikin harsunan Afirka, su gwada abinka su fasa shi tun da wuri.

Kada ka yi gaggawar bugawa. To, amma kada ka zauna a kan aiki shekara biyu, sa shi a arXiv, shafin da ake ajiye maƙalu kafin mujalla ta buga, da zarar ya tsaya da ƙafarsa, ka sani dai can ba alƙalai, kuma karon farko za a iya neman wani ya tsaya maka. Kada ka ƙirga maƙalu. Sai dai fayil ɗinka za a ƙirga shi, don haka nemi ƙa'idojin CAMES na yanzu ka karanta da idonka, ban da jita-jitar majalisar shayi.

Yaron ya ce, "To Malam, na ji." Da zai rufe kwamfutar na lura bai goge saƙon ba, tauraro ma ya sa masa. Na ce ya kawo mini babi na ukun a haɗe ranar Litinin, tare da fayil ɗin gwajin, mu ƙirga kwafin da ke ciki tare.